Motar Tumatur da Aka Hana Kuka

Duk wanda ya shigo garejinmu na Gyaɗi-Gyaɗi, abin da zai fara cin karo da shi shi ne tudun jar ƙasar nan da ke gefen ƙofa. Ku samarin da kuka shigo sana'ar kwanan nan har kun fara shawarar a baje shi, wai a samu wurin ajiye Adaidaita Sahu. To, ba za a baje ba. Na kuma ji abin da kuke faɗa in na ba da baya, wai aikin bodin mota ba komai ba ne, a yanka ƙarfe, a manna da walda, a fesa fenti. Wanda ya iya manna ƙarfe biyu ya iya ƙofar gida, wannan ban musa ba. Sai dai ƙofar gida ba ta gudu a kan titi da ɗan mutum a cikinta.

Aikin farko da na taɓa sa wa hannu bodin katako ne na wata tsohuwar babbar mota mai jigilar hatsi. Ubangidana Oga Sande ne, mutumin kudu, kafinta ne tun asali, ya zo Kano yana saurayi ya zauna da iyalinsa a Tarauni har Hausa ta zauna a bakinsa, in ban da sunana, Garba, da ya kasa. Har ya koma garinsu Garuba yake ce mini. Na zo da zumuɗin riƙe zarto da guduma, sai ya miƙo mini wuƙa da tsohuwar taya ya ce in yanko masa ita sala-sala, dogaye. Na yi wata da watanni ina yankan taya, har mutanen unguwarmu suka fara tambayata ko takalmi nake koyo.

Sai daga baya na gane amfaninta. Kowace mota tana da dogayen ƙarafa biyu a ƙarƙashinta, su ne ƙashin bayanta, mu muna kiran su casis. Bodi a kansu yake zama. Oga Sande ba ya taɓa bari bodi ya zauna a kan casis tsirara. Sai ya shimfiɗa katako, ya ɗora robar taya, sannan ya ɗaure da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai noti biyu. Ɗaurewa ake yi, ba a yi wa casis walda. Ran da muka gama wannan motar ya sa direba ya hau tudun nan da tayar baya guda ɗaya, sauran ukun suna ƙasa, ya kamo kunnena ya manna a jikin katakon.

"Garuba, me ka ji?"

Na ce, "Oga, tana ƙara. Kamar za ta ɓalle."

Ya ce, "Ba za ta ɓalle ba. Leƙa ƙasa."

Na leƙa, sai na ga waɗannan ƙarafan da na ɗauka ko giwa ba za ta tanƙwara su ba sun murɗe kaɗan, bodi kuma yana zamewa a kan robarsa yana ba su hanya. Da motar ta sauka, komai ya koma mazauninsa. Ya ce da ni, "Haka take yi a kowane rami na hanya. Wannan kukan lafiya ce. Wadda ka ɗora a nan ka ji ta yi shiru, ita ce za ta karye, kuma ba za ta yi maka sallama ba." Tun daga ranar babu motar da ta fita daga hannuna ba ta hau tudun nan na saurare ta ba.

Da katako ya yi tsada muka koma ƙarfe, wahalar man fetur ta ƙarshen mulkin soja kuma ita ta koya mini rage nauyi. Wata 'yar kudu mai gidan burodi a Tarauni ta kawo mini motarta, wadda wani ya yi wa bodi da farantin ƙarfe mai kauri kamar za a ɗauki duwatsu. Direbanta kan kwana a layin mai, ya samu ɗan abin da ya samu, rabinsa ya ƙare wajen jan bodin da ya fi burodin nauyi nesa ba kusa ba. Na sauke shi na yi mata wani. Ƙa'idar ba ta da yawa, amma riƙe ta ne wuya. Nauyi a ƙasa yake zama, duk abin da ya yi sama sai ya zama shafal. Ginshiƙai da bututun ƙarfe mai rami a ciki ake yin su, ba da dunƙulallen ƙarfe ba. Ƙarfin bodi kuma ba a kaurin ƙarfe yake ba, yana wajen tokaran da ake gittawa daga kusurwa zuwa kusurwa. Siririn bututu guda da aka gitta inda ya dace ya fi kauraran ƙarafa biyar da aka jera a tsaye don burgewa.

Matsalar ita ce mutanenmu da hannu suke sayen ƙarfi. Mai mota zai zo ya ƙwanƙwasa bodi da ɗan yatsa kamar mai zaɓen kankana, ya ɗaga ƙofar baya. In ta kusa tsinka masa baya sai ya washe baki ya ce an yi aiki. In ta ɗagu da hannu ɗaya sai ya dube ka a kaikaice, a ransa ya gama yanke hukunci cewa ka ci rabin ƙarfensa. Na sha wannan kallon har na daina ganinsa.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, garejin nan ko wurin taka ƙafa babu. An ƙara wa ma'aikata albashi, mai ya ɗan samu, motocin hannu na Kwatano suna ta shigowa, kowa yana ganin duniya za ta gyaru. A cikin wannan hada-hadar Alhaji Mudi ya kawo mini akori-kura, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya. Alhaji Mudi dillalin kayan gwari ne a kasuwar Tarauni, gidansa a Darmanawa. Da dakon kwandon tumatur a ka ya fara, har Allah ya buɗa masa. Ya sayi motar ne saboda babban ɗansa Nasiru, wanda ya gama makaranta ya rasa aiki, ya riƙa ɗauko musu tumatur daga gonakin rani na wajen Kura da Kadawa.

Tumatur kaya ne mai shagwaɓa, ba ya son a danne shi. Na yi wa motar bodi mai hawa biyu, kwanduna a ƙasa, falankai a tsakiya, wasu kwandunan a kansu, gefuna a buɗe iska tana shiga, sama kuma tamfol kawai. Na yi alfahari da aikin, ba zan ɓoye ba. Nasiru yakan zo ya zauna a kan benci yana tambaya, me ya sa wannan, me ya sa wancan. Yaro ne mai fara'a, Baba yake ce mini. Ranar karɓa suka zo tare da mahaifinsa. Alhaji ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga ƙofa, ya sauke ta. Na sa Nasiru ya hau tudu da ita, ta yi kukanta mai daɗi, ni ina murmushi. Da na waiwaya sai na ga fuskar Alhaji ta canja.

Ya ce, "Malam Garba, wannan ƙarar fa?"

Na ce, "Ita nake nema, Alhaji. Da ban ji ta ba, da ba ta fita yau ba."

Na yi masa bayanin casis da roba, yana gyaɗa kai yana cewa, "To, to, madalla." Na ɗauka ya gamsu. Ashe irin gyaɗa kan da yake yi wa manomi ne in ya faɗi farashin da ba zai saya ba.

Ana tsakiyar kakar tumatur, da hantsi, wani direba ya tsaya a ƙofar gareji ko injin bai kashe ba, ya ce motar Alhaji Mudi ta kife a wata kwana bayan Kura, Nasiru ya rasu nan take. Ina riƙe da sufana ban san lokacin da ta faɗi ba. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, ta yaya? Motar nan ko ka so kifar da ita sai ka sha wuya, domin duk nauyinta a ƙasa na ajiye shi.

Ranar addu'ar uku na je Darmanawa. An riga an janyo motar an ajiye a wani fili bayan gidan, sai na bi ta nan kafin in isa wurin zaman makoki. Na wuce ta ma da farko, ina neman mai bodin da na yi. Sai lambar ce ta dawo da ni. Na tsaya kamar an dasa ni. An yi wa bodina sulke da kauraran ƙarafan kwana, irin waɗanda ake yi wa ƙofar gidan mai kuɗi. An cire tamfol an yi rufi da farantin ƙarfe. A saman wurin zaman direba an gina wata rumfar ƙarfe mai shinge, har da ragowar igiyar da aka ɗaure kwanduna a kanta. Na durƙusa na leƙa ƙasa. An zare katakon da robar an yar, an manne bodi da casis da walda tun daga gaba har baya. Casis ɗin hagu ya tsinke gida biyu, dab da inda waldar ta ƙare. Rumfar nan kuwa, da motar ta juya, ita ce ta lotsa wurin zaman direba har ya kusa haɗuwa da kujera.

Na miƙe. A shekarun da na yi ina wannan aiki na ga ganganci iri-iri, amma ban taɓa ganin an kashe kuɗi da lokaci an bi kowace ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya an juya ta ba.

Na ƙarasa wurin tabarmi na yi gaisuwa. Alhaji ya riƙe hannuna da hannu biyu, idanunsa sun yi ja, ya ce a gaban jama'a, ba da faɗa ba, "Malam Garba, Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina. Tun ranar da na ji tana ƙarar nan hankalina bai kwanta ba. Na kai ta wurin mai ƙofofi a Unguwar Gano aka ƙara mata ƙarfe, har rumfa na sa aka yi masa a kansa. Ashe bai isa ba. Da na sani da na ninka."

Duk wanda ke kan tabarmar ya juyo ya dube ni. Me zan ce? In ce wa mutumin da ya binne ɗansa shekaranjiya, ƙarfen da ka saya don tsare shi shi ne ya danne shi? Na ce, "Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri." Na tashi na tafi.

Wannan ita ce mummunar shekarata, a lokacin da kowa ke cewa tasa ta yi kyau. Magana ta zaga tashoshi da kasuwanni cewa bodin Garba kwali ne, har an ƙara masa ƙarfe ma bai tsira ba. Wani mai motar itace ya zo ya janye motarsa ina tsakiyar aiki. Sauran garejoji suna korar aiki saboda yawa, ni ina gyaran baro da kujerun makaranta. Mai burodin nan ce kaɗai ta kawo mota ta biyu, ta ce ita dai tata tana tafiya. Abokan sana'a da suka ga gawar motar sun san gaskiya, wasu suka ce in tara mutane in nuna musu. Na ƙi. Sunana zai wanku, amma da me zan wanke shi? Na ce a bar wa Allah, kuma da abin ya tsaya nan da har yau ban buɗe baki ba.

Da kakar tumatur ta sake zagayowa, na je Unguwar Gano sayen bututu. A ƙofar wani shagon walda na ga wata akori-kura, an yi mata abin da ko a mafarki ban zata ba. Ƙarafan sun fi na waccan kauri, rumfar ta fi waccan tsawo, tayoyin baya har sun fara lotsewa alhali ko kwando ɗaya ba a ɗora ba. Mai shagon, mutum mai kirki da ƙofofinsa ke da kyau ƙwarai, ya ga ina kallo ya taso da murnarsa.

Ya ce, "Ka ga aiki ko? Ta Alhaji Mudi ce. Ya ce a ninka na wancan karon. Ƙanin marigayin ne zai riƙa ja, Kabiru."

Na san Kabiru, shi ne ɗa namiji da ya rage wa Alhaji. Na manta da bututun da na zo saya, na hau acaɓa sai kasuwar Tarauni.

Na same shi a rumfarsa cikin kwanduna. Ya amsa sallamata a sanyaye. Na ce, "Alhaji, na ga motar Kabiru. Kada ka bari ta hau titi."

Ya ce, "Malam Garba, ban riƙe ka a raina ba, ƙaddara ce. Amma aikin nan na riga na bayar."

Na ce, "Ba aiki na zo nema ba. Waccan motar tana nan a bayan gida?"

Ya ce tana nan, shi dai bai taɓa zuwa kusa da ita ba tun da aka kawo ta, ta wata hanyar ma yake bi zuwa masallaci.

Na ce, "Don girman Allah ka tashi mu je. In ka gani ka ce in tafi, ba za ka sake ganina ba."

Ban san abin da ya gani a fuskata ba, amma ya sa takalminsa. Muka tarar ciyawa ta fito ta cikin motar, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Ban yi dogon bayani ba. Na ce ya durƙusa, ya durƙusa da babbar rigarsa. Na kama hannunsa na ɗora a inda casis ya tsinke, na ce ya shafa ya ji inda walda ta tsaya. Na nuna masa siraran bututuna a baya, sun lanƙwashe amma ko ɗaya bai rabu da ɗan'uwansa ba. Sannan na ce, "Alhaji, lokacin da kake dako, in ka zo tsallake kwata da kwando a ka, ƙugunka kake sakewa ko sandarewa kake yi?"

Ya ce, "Sakewa mana. Wanda ya sandare ai faɗuwa zai yi."

"In kuma aka ɗora maka kwando na biyu a kan na farko, ka zo shan kwana da sauri?"

Ya miƙe a hankali ya zagaya gaban motar, ya tsaya yana kallon rumfar da ta nutse cikin wurin zaman direba. Fentin da ya zaɓa da kansa yana nan a jikinta, kore. Na ga leɓensa yana motsi. Ya dafa ƙarfen, sai kuma ya janye hannu da sauri kamar ya taɓa wuta, ya zauna a ƙasa daɓas. Ni ma na zauna. Muna nan har aka kira la'asar.

Can ya ce, "Tun ranar ukun ka sani?"

Na ce, "Tun ranar."

"Ka bari ana zaginka a gari."

Na ce, "Zagi ba ya kisa, Alhaji. Wannan motar ta Kabiru kuwa za ta yi."

Ya rufe fuskarsa da hannun riga. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin na yi wa mutum mugun abu da ya zama dole kamar wannan ba.

Washegari da safe Kabiru ya shigo da motar garejin nan, mahaifinsa a gefensa. Alhaji ya ce kafin a taɓa ta a hau tudu da ita tukuna. Kabiru ya hau da tayar baya. Ko ƙis ba ta yi ba, sai ma ɗaya tayar ta ɗaga sama tana lilo, motar gaba ɗaya ta karkata kamar akwati. Kabiru ya diro yana zare ido. Alhaji ya ce, "Yanke."

Mun yi kwanaki muna yanka. Cire walda daga jikin casis ba tare da ka raunata shi ba ya fi yin sabon bodi wuya, kaɗan-kaɗan ake bi da dutsen injin goge ƙarfe, ana shafawa da hannu ana dubawa. Ƙarfen da muka sauke ya yi tsibi a can inda kuke wanke hannu yanzu. Kullum Alhaji yana nan a kan bencin da Nasiru yake zama, ya bar kasuwa ga yaransa. Da na zo yankan robar taya sai ya miƙo hannu ya ce in ba shi wuƙar. Shi ya yanka ta, a karkace, na kuma sa ta a haka.

Ranar da muka gama, Kabiru ya sake hawa tudu. Tayoyi huɗu suka zauna daram, bodi ya saki kukansa. Alhaji ya cire hularsa, ya manna kunne a jikin ƙarfen, ya rufe ido. Ya ce a sauka a sake hawa. Aka sake. Ya ce a ƙara. Babu wanda ya yi dariya a cikin masu kallo.

Sannan ya zagaya wajen tagar direba ya kama hannun ɗansa ya ce, "Ka ji wannan ƙarar? Ita na biya kuɗi aka kashe a motar yayanka. Duk ranar da ka ji ta yi shiru, ko a tsakiyar daji kake, ka kashe mota ka sauka."

Kabiru yana nan da ransa, shi ne mai furfurar nan da ya kawo motoci biyu a watan jiya, wanda kuka yi wa dariya don ya ƙi karɓar makulli sai da aka hau tudu. Alhaji Mudi ya rasu da daɗewa. Har ya bar duniya, in ya biyo ta Gyaɗi-Gyaɗi yakan tsaya a ƙofar nan, ba ya shigowa, ya jira a ɗora wata mota ya saurara, sannan ya wuce.